Hukuncin Kotun Brussels da Haƙƙin 'Yan Ruwa Biyu na Kwango

Ya Edita,

Ina neman fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan hukuncin da kotun ɗaukaka ƙara ta Brussels, babban birnin Beljiyam, ta yanke a Disamban 2024, inda ta sami gwamnatin Beljiyam da laifin cin zarafin bil'adama saboda raba wasu mata biyar da iyayensu mata tun suna ƙanana a Kwango, lokacin da Beljiyam ke yi wa ƙasar mulkin mallaka.

Ba don komai aka kwashe su ba sai don kasancewarsu ruwa biyu, uba Bature uwa baƙar fata, abin da Turawan mulkin mallaka suka ɗauka barazana ce ga tsarinsu na bambanta launi. An damƙa su ga gidajen mishan na Katolika, suka tashi nesa da danginsu.

A ganina, diyyar Yuro 50,000 ga kowace, ko afuwar da Firaministan Beljiyam na lokacin, Charles Michel, ya nema a 2019, ba su kai ga tushen matsalar ba. Abin da aka ƙwace musu shi ne asali, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa haka a Kwango da Ruwanda da Burundi sun tsufa suna cigiyar sunan mahaifiya.

Saboda haka ya kamata Beljiyam da cocin su sauƙaƙa wa kowannensu samun takardun haihuwarsa, su ɗauki nauyin nemo dangi tun masu shaida na da rai, a kuma biya sauran waɗanda abin ya shafa diyya ba tare da jeka-ka-dawo a kotu ba.

Naka,
Wani mai karatu