A tuna da magidantan da aiki ya kuɓuce musu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan magidantan Maradi da aiki ya kuɓuce musu bayan furfura ta fara fitowa.

Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, sannan takunkumin ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Duk lokacin da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta tsaya, direbobi, ƴan dako da masu jiran shago ne ke fara zama gida. Yawancinsu ba a taɓa yi musu rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ba, don haka babu fansho, babu kuɗin sallama, sai "Allah ya ba da haƙuri" daga maigida.

Kullum koyon sana'a matasa ake kira. Madalla, amma mai shekara 50 da baki goma a gida fa? Ba zai iya shekara uku yana yaron tela ba. Ina roƙon FAFPA, hukumar da ke tallafa wa koyon sana'a, ta ware musu horo na ƴan watanni, da yamma: gyaran famfon sola, kiwon jar akuyar Maradi, ko noman rani irin na Jiratawa. A haɗa da ɗan jari, ko da bashi ne.

Naka,
Wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi