Takin lakar ruwan datti: akwai abin da baƙonku bai faɗa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na noma inda baƙonku yake cewa lakar nan da ake kwashewa a matatar ruwan datti taki ce ta kyauta, a kwasa kawai a zuba a gona. Ban ce ƙarya ya yi ba fa, akwai naitirojin akwai fosfaras, sinadaran da shuka ke ci, a ciki sosai, amma wallahi rabin zancen ya faɗa, ni kuma na yi shekaru ina aiki a irin wannan matata shi ya sa na kasa yin shiru.

Duk abin da ya bi kwata, na gida da na asibiti da na masu fenti da masu gyaran batir da masana'antu, idan aka tace ruwan ya fita fes to ina dattin ya tafi? Yana nan kwance a cikin lakar. Ƙarafa masu cutarwa irin su dalma, kadmiyam, zaiba, tagulla, tutiya, nikel, galibinsu a can suke maƙalewa. Lakar tana riƙe su ne kamar ajiya, ita kuma ajiya ai watarana sai an fito da ita. Abin da ke kwance su shi ne tsami. Muddin ƙasa ba ta da tsami suna nan a ɗaure, amma da awon tsamin nan da ake kira pH ya sauko ƙasa da 6 sai tutiya da kadmiyam da nikel su fara narkewa suna bin ruwa, saiwa ta zuƙa, kuma kayan lambu masu ganye sun fi kowa kwasar kadmiyam. Abin haushin ma shi ne takin da kansa yana jawo tsamin, domin idan ƙwayoyin halitta na ƙasa suna juya amoniya ta koma naitiret ƙasar ƙara tsami take yi a hankali, shi ya sa ake zuba farar ƙasa, ita ma ba ta kawar da ƙarfen, ƙara ɗaure shi kawai take yi zuwa wani lokaci.

Kuma ƙarfe ba ya ruɓewa. Kashin da ke cikin lakar zai ruɓe ya ƙare, naitirojin shuka ta shanye ko ruwa ya tafi da shi, amma dalmar da ka zuba bana tana nan, ta baɗi ta hau kanta. Wanda bai san aikin kadmiyam ba ya bincika abin da ya faru a yankin Toyama na Japan, cutar itai-itai, inda ruwan kogin Jinzu ya kai shi gonakin shinkafa ya lalata wa mutane ƙoda da ƙashi. Can daga ma'adinai ya fito ba daga laka ba, na sani, amma ai jiki ba ya tambayar daga ina.

Shi ma sinadarin takin ba zaman lafiya yake yi ba. Fosfaras da zarar laka ta rasa iska sai ya saki jiki ya koma cikin ruwa. Na gani da idona, bututun da ke fita daga tankin da ake rufe laka ta ruɓe ba iska ya toshe, muka yanka muka tarar da wani farin abu ya daskare a ciki kamar dutse, ramin da ya rage da ƙyar yatsa biyu za su shiga, da kurfi da guduma muka yi ta sara. Sunansa sitirubait, magniziyam ne da amoniya da fosfet suka haɗu. Haka in an tara laka a fili ruwan sama ya dake ta za ka ga baƙin ruwa yana tsiyaya daga gindin tulin, in ya gangara tafki bayan ɗan lokaci gansakuka ta rufe saman ruwan kore shar, kifi ya rasa iska.

Ƙasashen da suka daɗe a harkar ba su bar ta sakaka ba. Tarayyar Turai tun 1986 ta sa iyakar ƙarfen da za a yarda da shi a laka da ƙasar gona, Amurka ta fitar da nata ƙa'idojin a 1993, Suwizalan ma daga 2006 ta hana zubawa a gona kwata-kwata sai dai a ƙona. Jamus kuma a 2017 ta yi dokar da za ta tilasta wa manyan matatu su riƙa ciro fosfaras ɗin daban daga 2029, wato a ɗauki mai amfanin a bar gubar.

Don Allah Malam Edita ku sake gayyato baƙon nan, a tambaye shi lakar da yake tallatawa an kai ta ɗakin gwaji kuwa, nawa ne kadmiyam da dalma a kowane kilo, kuma an auna tsamin gonar da za a zuba kafin a zuba? In yana da takardar sakamakon ya karanto mana a shirin, ni zan fara yi masa godiya.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro a kullum