Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Takardar Zama da Haihuwar da Ke Tafe

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso ni, na kuma yi farin ciki ƙwarai da jin cewa mai ɗakinka na da juna biyu. Allah ya raba lafiya.

Ka ce shekarunka 5 a kan bizar aiki a Birtaniya za su cika ranar 20 ga Maris, likitoci kuma sun ba ta 12 ga watan a matsayin ranar haihuwa, shi ya sa kake tunanin jingine neman izinin zama na dindindin har sai an sauka hankali ya kwanta. Ban goyi bayan wannan shawara ba. Tun daga 1 ga Janairun 1983, lokacin da dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta fara aiki, haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mayar da jariri ɗan ƙasa, sai idan a ranar da ya zo duniya ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko kuwa yana riƙe da izinin dindindin. Ka lura da kyau, ranar da aka amince da takardarka ake dubawa, ba ranar da ka miƙa ta ba, kuma naka izinin kaɗai ya wadatar ko da nata bai fito ba.

Ƙa'ida ta ba ka damar miƙa takarda kwana 28 kafin cikar shekarun, wato daga 20 ga Fabrairu. Kada ka riga wannan rana ko da da kwana guda, domin ana iya ƙin amincewa, kuɗinka kuma ya tafi. Ta hanyar da aka saba, amsa kan iya ɗaukar wata 6, wanda ba zai yi maka amfani ba. Akwai hanyar gaggawa ta ƙarin kuɗi da ke ba da amsa cikin kwanakin aiki 5, akwai kuma wadda ta fi ta sauri, da ake samun amsa a ranar aiki ta gaba bayan an ɗauki hoton yatsunka. A ganina mafi saurin nan ta dace da kai, saboda tun daga mako na 37 haihuwa kan iya zuwa, kuma nata makon ya faɗo daf da ranar da ƙofarka za ta buɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya, mai tambayoyi 24 da ake son mutum ya ci 18. Ni a nan na yi sake. Na yi ta ɗage ta har cikin mai ɗakina ya tsufa, na koma karatu a kan kujerar asibiti da littafin a cinyata, ina jiran a kira mu awo. 'Yata ta riga takardata zuwa da kwana 9, sai da na cika fom ɗin MN1 na neman yi wa yaro rajistar zama ɗan ƙasa, na biya sama da fam 1,000, na jira watanni kafin a yi mata rajista. Ka zauna jarrabawar nan tun yanzu, ka karɓi wasiƙar wurin aikinka, ka kuma bi hatiman fasfonka ka tabbatar ba ka wuce kwana 180 a waje ba cikin kowane wata 12. Da zarar ka miƙa, kada ka yi tafiya ƙasar waje har amsa ta fito, domin fita kan sa a ɗauka ka janye buƙatarka.

Duk da haka, ina roƙonka kada wannan lissafi ya zama nauyi a kanta, kada kuma ka nemi a matsar da ranar da likitoci suka ga ta dace saboda takarda. Idan jaririn ya riga ku, haƙƙinsa na rajista yana nan da zarar ka samu izinin, muddin bai kai shekara 18 ba. Asarar ta kuɗi ce da jira. Sai dai gwamnati ta bayyana a watan Mayun 2025 cewa tana son mayar da wa'adin samun izinin dindindin daga shekara 5 zuwa shekara 10, don haka ka sa lauyan shige da fice mai rajista ya duba ranakunka a makon nan.

Ka gaishe min da ita, ka kuma sanar da ni ranar da ka samu ta jarrabawar.

Naka amini har kullum.