Wasiƙa Kan Mazaunin Kujerar da Ka Haɗa

Unguwar Jahun,
Bauchi.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Fatakwal da ruwan sama? Allah ya sa ana samun alheri.

Na ga hotunan kujerar da ka haɗa, kuma wallahi aikin ya yi kyau. Ka tambaye ni yadda za ka yi mata mazauni mai sifirin, irin wanda ake ɗorawa a cire, ba wanda ake buga wa a jikin kujera ba. To ga amsa, sai dai ka yi haƙuri, zan daɗe a kan katako kafin in zo kan yadi. Mafi yawan mazaunin da ake dawo da shi gyara, yadinsa lafiya lau yake, firam ɗin da ke ciki ne ya gaza ko kuma bai dace da raminsa ba.

Ka fara da auna ramin da mazaunin zai zauna. Kada ka amince da tef kaɗai, domin kujerar hannu ba ta cika yin daidai ta kowane ɓangare ba, kuma gaba ya fi baya faɗi. Yanki kwali ka fitar da siffar ramin sak, ka rubuta "gaba" a jikinsa, sannan ka rage milimita 3 ta kowane gefe. Wannan 'yar tazara ita ce wurin akoko da yadin da za su naɗo ta gefe. In yadin mai kauri ne, ko leda za ka sa, ƙara ta kai 4. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: bayan ka haɗa firam, ka saka shi a ramin, ka cusa ƙyallen akoko da ƙyallen yadin a kowane gefe, har da ninki biyu a kusurwa. In ya shiga da ɗan turi kaɗan, ya yi. Ka tuna kuma katako na kumbura da laima. Mu nan Bauchi abin da muke tsoro shi ne hunturu ya tsotse shi ya yi lako-lako, kai kuwa a can kumburi ne abokin gabarka, don haka gara ka ɗan sake masa.

Katakon firam ya zama busasshe, faɗinsa santimita 6 zuwa 7, kaurinsa kada ya gaza 2.5. Maɗaci nake so, saboda yana riƙe ƙusa kuma ba ya saurin tsagewa. A kasuwar katako ta Muda Lawal za ka ga masu neman araha suna ɗaukar malaina, amma tana da laushi, sifirin kan zare ƙusa daga jikinta a hankali. Kirya kuma ta yi tauri da yawa, ƙananan ƙusoshi lanƙwashewa suke yi a kanta. Haɗin kusurwa ya zama na rami da harshe, ko kuma a fafe rabin kaurin kowane katako a haɗa su da gam da sukuru. Haɗin ƙusa zalla ba zai ɗauki wannan aiki ba. Dalili shi ne kowane sifirin yana jan katakon gaba da na baya zuwa ga juna dare da rana, ko da ba wanda ya zauna. Firam mai rauni sai ya lotsa ciki, tazara ta buɗe a tsakiya, mazaunin ya riƙa rawa.

Kafin ka ci gaba, ɗauki magagari ka kashe kaifin bakin katakon na sama, ciki da waje. Kaifin ciki yana yanke algarara, na waje yana cin yadi.

Sai sifirin. Iri biyu ne, mai naɗi da kuma zigzag, wato mai lanƙwasa hagu da dama. Mai naɗi yana buƙatar zurfi da bel a ƙarƙashinsa, kuma a firam siriri irin naka zai sa mazaunin ya yi tozo. Ɗauki zigzag mai lamba 9, ko 8 in mai kujerar yana da jiki. Lambar tana raguwa, wayar tana ƙara kauri. Kada a sayar maka da lamba 11 ko 12, na jingina baya ne, ba zai ɗauki nauyin mutum ba. Na san kafintoci da yawa suna shimfiɗa robar tsohuwar taya a madadinsa. Tana aiki na ɗan lokaci, amma zafi na sa ta saki, kuma kujerar da aka ɓata lokaci aka haɗa da hannu ta fi ƙarfin wannan.

Sifirin daga baya zuwa gaba yake tafiya. Mazauni mai faɗin santimita 45 guda 4 sun ishe shi. Wajen yanka, ka lanƙwasa tef daga bakin katakon baya zuwa na gaba yadda tsakiyarsa zai tashi sama da santimita 2.5 zuwa 3, wannan ne tsawon da sifirin zai kai bayan an ja shi. Tunda yana miƙewa, ka yanke shi ya ɗan gaza, yadda sai ka sa ƙarfi zai isa maƙalinsa. Gwada guda ɗaya tukuna, in ya yi, ka yanke sauran a kansa. In ya yi tsawo zai yi tudu da laushi, mutum ya nutse. In ya yi gajere zai kwanta shimfiɗe ba tsalle, ga wahalar da firam. Bayan yanka, lanƙwasa bakin wayar da filaya ya koma ciki don kada ya zame ya fita.

Maƙalan ƙarfen da ke riƙe shi a buga su a saman katako, bakinsu ya ɗan leƙo cikin ramin da kamar milimita 3, domin sifirin ya samu juyawa ba tare da ya gogi katako ba. Wasu maƙalan da roba a cikinsu suke zuwa. In naka ba su da ita, naɗa ɗan ƙyalle a wayar kafin ka rufe. Ƙarar nan da kujera ke yi in an zauna, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a daidai wannan wuri, kuma in ka rufe da yadi babu gyara sai an warware komai. Ka fara maƙala baya, ka ja zuwa gaba, na tsakiya biyu da farko. Ka juya su yadda lanƙwasar kowane zai fuskanci ta maƙwabcinsa, sannan ka ɗaure su a gicciye da igiya mai ƙarfi, layi biyu, ƙulli a kan kowane sifirin, bakin igiyar a buga shi a katakon gefe. Wannan ɗauri shi ke sa su raba nauyi. Babu shi, wanda ke ƙarƙashin mai zama kaɗai zai sha wahala, sauran su baje gefe.

Shimfiɗa buhun algarara sabo a kai. Ka ja shi ya kwanta sumul amma kada ka ɗame shi har ya danne sifirin, in ka yi haka shi zai ɗauki nauyin, ya yage a bakin ƙusa. Buga ƙusa mai milimita 13 duk santimita 4, ninko bakin ka sake bugawa, sannan ka ɗinke shi da sifirin da lanƙwasasshiyar allura a wurare kaɗan. A samansa ka sa tsohon bargo mai kauri, ko da ninki ɗaya ne, don kada wayar ta yanka soso.

Soso ya zama mai nauyi, kauri santimita 4 zuwa 5. Tauri daban, nauyi daban. Akwai mai tauri a hannu amma shafal, wata kaɗan zai kwanta. Ɗaga shi ka ji, ko ka nemi mai lambar nauyi 30 zuwa sama. Yanke shi ya fi firam da santimita 1 ta ko'ina, ka fere bakinsa ta ƙasa a karkace, ka shafa gam a bakin katako da bakin soson, ka bari ya sha iska kafin ka manna. Haka gefen zai sauko a lanƙwashe. Abin da nake roƙonka a nan, kada soso ko faiba, wato audugar roba da ake shimfiɗawa ƙarƙashin yadi, su sauka gefen firam ko kaɗan. Milimita 3 ɗin nan ta akoko da yadi ce kawai.

Akoko shi ke fitar da siffa, kada ka tsallake shi. Juya firam, kafa ƙusa rabi-rabi a tsakiyar kowane gefe, baya, gaba, sannan hagu da dama. Daga tsakiya ka riƙa tafiya zuwa kusurwa, kana shafa soson da tafin hannu zuwa baki kafin ka ja. In da yatsu kake fizga, kowace ƙusa za ta bar kwari a sama. Sai ka gamsu da siffar sannan ka nutsar da su. Faiba siririya ta biyo baya, a yanke ta daidai bakin sama.

Yadi ka yanke shi da rarar santimita 7 ta kowane gefe, ka ja layin tsakiya da alli a bayansa ya dace da tsakiyar firam, musamman in mai zane ne. Bugunsa irin na akoko ne, da ƙusa mai milimita 10. A kusurwa, jawo tsinin yadin ya hau kan kusurwar ka kafa, ka yanke rarar da ke cikin ninkin da almakashi, sannan ka kwantar da ninki ɗaya ta kowane ɓangare. Tarin yadi a kusurwa shi ya fi hana mazauni shiga. Ƙasa a rufe da baƙin yadi mara kauri mai shan iska. In leda ce a sama wannan dole ne, don iskar da ke cikin soso ta samu mafita. Da laimar garinku kuma, nemi ƙusa ko sitefula wadda ba ta tsatsa, in ba haka ba jan tsatsa zai fito a yadin.

Wajen sakawa, baya ke fara shiga, sai ka danna gaba da tafin hannu. In ya ƙi, kada ka kawo guduma, gyaran gangar auzinawa za ka yi, domin matsin zai buɗe haɗin ƙafafun kujerar. Ciro shi, duba inda ya goga, ka rage ninkin wurin. In kuma ya ɗan yi sako-sako, manna siririn kwali a gefen firam ƙarƙashin yadi.

Ka turo mini awon ramin da kaurin katakon da ka samu kafin ka sayi sifirin, in duba maka ko 4 za su isa. Ka gaida mai ɗaki da yara, mutanen gida duk suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini,
daga Bauchi.