Godiya ga sashen wankin ƙoda na gida da ke kula da dattawanmu a Abuja

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa ga Likita da Sistoci da duk ma'aikatan wannan sashe.

Mu ne iyalan dattawan da kuke bi gida-gida a Kubwa, Gwarimpa, Karu da Nyanya. Mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, domin mutane da yawa sun ɗauka wankin ƙoda iri ɗaya ne: a kai mutum asibiti sau 3 a mako, a jona shi da na'ura awa 4, a tace jininsa. Ga tsoho wannan wahala ce babba. Jini kan faɗi ana tsakar wanki, jijiyar hannu ta ƙi samuwa, ga cunkoson hanyar Nyanya, kafin ya gama wartsakewa ranar komawa ta zo.

Wankin ciki, wato irin wankin ƙodar da kuke yi wa dattawanmu a gida, daban yake. Likita yakan dasa siririn bututu mai laushi a ƙasan cibiya, a ba shi kamar mako 2 ya warke. Daga nan a riƙa zuba ruwan magani lita 2 a cikin, tantanin da ya lulluɓe hanji ya yi aikin tacewa, ruwan ya zauna awa 4 zuwa 6, a zubar a sa sabo, sau 4 a rana. A Amurka aka fito da hanyar a 1976, don mara lafiya ya yi wa kansa. To Baba mai yanar ido da rawar hannu, ko Hajiya mai mantuwa, ina za su iya? Shi ya sa Faransa ta daɗe tana tura nas gida, kuma wannan gurbi ne kuka cike mana.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba ku da sassauci kan tsafta. Kafin a taɓa komai sai a rufe taga, a kashe fanka, a fitar da yara da mage, kowa ya sa takunkumi, har shi majinyacin. Mai aikin ya wanke hannu da sabulu, ya busar sosai, ya shafa ruwan kashe ƙwayoyin cuta. A duba jakar ruwan maganin: ƙarfin sukarinta, ranar lalacewarta, a matsa a ga ko tana yoyo. Ɗuminta ya kai na jiki, amma da busasshen zafi. Kun hana tsoma ta a ruwan zafi, domin ta nan ƙwayar cuta ke kaiwa bakin bututu. Idan an jona, tsohon ruwa ya sauka cikin jakar da aka ajiye a ƙasa kamar minti 20, a saki sabon kaɗan ya wanke bututun jakar ya kori iska, sannan ya shiga ciki cikin minti 10, a rufe da sabon murfi. Lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, wannan tsanani naku ya fi amfani. Wasunmu sun so a bar kowane jika ya taimaka, kuka ce sai wanda kuka koya wa kuka kuma gwada hannunsa. Gaskiyarku ce.

Kun koya mana kallon ruwan da ya fito. Lafiyayye garau yake, da ɗan rawaya, har a karanta rubutun jarida ta cikinsa. Idan ya yi gurɓi kamar ruwan wankin shinkafa, ko ciki ya murɗa, ko zazzaɓi ya taso, ƙwayar cuta ta shiga, kuma ba a jiran gobe. A ajiye jakar, a kai ta gwaji a ranar, a fara zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwan wankin na mako 2 zuwa 3. Jinkiri kan sa a cire bututu, a koma na'ura.

Idan ruwa ya ƙi fita kuwa, kukan fara da tambayar yaushe Baba ya yi bayan gida. Hanjin da ya cika yakan danne bututun ko ya ture shi daga mazauninsa, kuma sau da yawa maganin sassauta ciki ya wadatar.

Littafin da kuka sa a riƙa cikewa kullum, nauyin jiki, awon jini, ruwan da ya shiga da wanda ya fita, da shi Likita ke zaɓar jaka mai sukari kashi 1.5, 2.5 ko 4.25 cikin ɗari. Mai ƙarfin tana janye kumburi, amma yawan amfani da ita na gajiyar da tantanin, yana kuma tayar da sukarin masu ciwon sukari. Sai batun tukunya: a rage gishiri, dunƙule da kanwa, a ƙara ƙwai da kifi tunda wankin na kwashe sinadarin gina jiki, a bar jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya.

Mun gode kuma da ba ku ɓoye gaskiya. Wanda aka yi wa manyan ayyuka a ciki, ko mai ƙabar da ba a gyara ba, kukan ce hanyar ba tasa ba ce tukuna. Na'urar da ke canza ruwan da kanta cikin dare na awa 8 zuwa 10 ma ba ku tallata ta ga gidan da wuta ba ta tsayawa.

Roƙonmu ɗaya ne. Majinyaci na cin jaka kusan 120 a wata, ruwan ga tsada ga wuyar samu a ƙasar nan. Ku taimaka ku riƙa sanar da mu da wuri idan kaya za su yi jinkiri, ku kuma kai kukanmu ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar inshorar lafiya kan farashinsa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Daga iyalai da masu jinyar dattawa, Abuja.