Wasiƙa zuwa ga Yayana a Jos kan jinyar Baba

Landan, Ingila

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku sannu da jinya, kai da Inna da Auta da duk wanda yake zirga-zirga tsakanin Anguwan Rogo da asibitin koyarwa na Lamingo a cikin makonni 7 ɗin nan. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Na rubuto ne maimakon in kira, domin duk lokacin da muka yi waya kuka yakan ci ƙarfina kafin in kai ga abin da nake son faɗa. Ina roƙon ka karanta wa Inna takardar nan a natse.

Na yi hamdala da jin cewa zazzaɓin ya sauka kuma ciwon huhun ya lafa, sai dai yanzu ne jinyar za ta fara nuna tsawonta. Shekara 3 ke nan ina aikin kula da tsofaffi a nan, da yawansu masu shanyewar ɓarin jiki irin ta Baba, kuma na saba ganin yadda 'yan dubiya suke cika ɗaki a makon farko, amma da an shiga wata na biyu sai a bar wa mutum ɗaya wahalar. A gidanmu Auta aka bar wa. Yaron nan yana kwana a kan tabarma a gefen gado cikin sanyin hunturun Jos, karatunsa na jami'a ya tsaya, kuma kunya ba za ta bari ya ce ya gaji ba. Kai ne babba, kai za ka tara 'yan'uwa maza har da 'ya'yan Kawu a raba kwanakin, a rubuta sunan kowa da darensa, kada wani ya wuce dare biyu a jere. Inna kuma a riƙa mayar da ita gida bayan la'asar, domin ita ma tana da hawan jini.

Akwai maganar da ta fi tsaya mini a rai. An gaya mini Gwaggo ta kawo rubutu an ɗura wa Baba da cokali. Na san ƙauna ce ta sa, kuma ni ma da rubutun Malam aka raine ni, amma wannan ciwo yana raunana naman da ke sarrafa haɗiya, ta yadda ruwa yakan kauce ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, wani lokaci ma ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba. Abin da yake jawo ciwon huhu ke nan ga masu irin wannan lalura, kuma dalilin da ya sa likitoci suka saka masa robar ba da abinci ta hanci. Saboda haka rubutu da zamzam a shafa masa a fuska da jiki, kada a ba shi komai ta baki sai likita ya yarda. Ranar da aka yarda, a zaunar da shi sosai, a fara da kunu mai kauri a ƙaramin cokali, kuma kada a kwantar da shi sai bayan rabin awa. Ka faɗa wa Gwaggo da lafazi mai taushi, ka ce ni na roƙa.

A riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, ana duba ƙugunsa da dundunniyarsa da ƙasan bayansa. Fata irin tamu ba ta nuna ja kamar ta Turawa, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi zafi ko tauri, kuma daga nan gyambon kwanciya yake farawa. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. Kada kuma a kusantar da gorar ruwan zafi ga ƙafar daman don sanyi, tana iya ƙona shi bai ji ba. Safa da bargo sun isa.

Na ji Kawu yana so a nemi sallama a kai shi ƙauye wurin mai magani. Ban amince ba, Yaya. Mafi yawan ƙarfin da mai wannan ciwo yake dawo da shi a watanni 3 zuwa 6 na farko yake samunsa, ta hanyar gashi da motsa gaɓoɓi kullum, kuma lokacin nan idan ya wuce da wuya a rama shi. Maganin hawan jininsa ma ba a tsayar da shi don an ga sauƙi.

Tun da ɓarin dama ne ya shanye, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, inda magana take, shi ya sa kalmomi suke maƙale masa. Amma Baba yana jin ku, kuma yana iya fahimtar fiye da yadda kuke zato. Kada a yi lissafin kuɗin magani a kansa, kada kuma a riƙa cewa "ya yake" alhali ga shi a kwance. A tambaye shi, a jira shi ko da zai ɗauki minti guda. Idan ya yi kuka kada ku firgita, yana daga cikin ciwon. A taimaka masa da taimama ya yi sallarsa a kwance, kuma a kunna masa rediyonsa da safe kamar yadda ya saba.

Jiya da dare na juya wani dattijo Bature, na gyara masa matashi, sai na tsaya a bakin ƙofa na kasa tafiya, ina tunanin wanda yake juya nawa uban a daidai wannan lokaci. Na nemi hutu a wurin aiki, ina jiran amsa. Kafin nan na tura kuɗi ta asusunka, a sayi katifa mai iska da su, ragowar a ba Auta na mota da abinci. Zan kira ranar Juma'a da ƙarfe 8 na dare agogonku, wato 7 a nan, a kara wa Baba wayar a kunne ko da ba zai amsa ba.

A gaishe da Inna da Gwaggo da matarka da yara.

Wassalam,
Ƙanwarka