Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Jihar Sakkwato kan tallafin manoma

Mai girma Gwamna, Dakta Ahmad Aliyu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, kukana a kan takin tallafi ne: yaushe yake zuwa, kuma hannun wa yake shiga.

Daminarmu gajeriya ce. Ruwa ya kan zauna a watan Yuni, kafin ƙarshen Satumba ya ɗauke. Gero yana son takin kamfa bayan noman fari, yana son takin yuriya wajen maimai. Takin da ya iso bayan gero ya fid da kai ba shi da sauran aiki a gona, sai mai shi ya kai kasuwa ya karyar. Kafin nan kuwa talaka ya riga ya ci bashi wajen ɗan kasuwa da alkawarin biya da dami in kaka ta yi. Ina roƙo, taki ya sauka a ƙananan hukumomi 23 tun watan Afrilu, na rani kuma tun Oktoba, lokacin da masu albasa da tafarnuwa a Goronyo da Wurno da Kware suke gyaran fadama.

Na biyu shi ne ya fi ci mini rai, wato sunaye. Idan aka miƙa rabo ga 'yan siyasa, buhu yana bin wanda ya san wani, ba wanda ya riƙe fartanya ba. Alhali tantance manomi ba abu ne mai wuya ba. Mai unguwa ya san gonar kowa, sarkin noma ya san wanda ya shuka da wanda ya bar tasa saura. A haɗa su da malaman gona su yi rajista, a liƙa sunayen a ƙofar hakimi mako biyu kafin rabo, kowa ya zo ya duba. A rubuta farashin buhu a jikin takardar. An taɓa gwada hanya a ƙasar nan: a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, saƙo ke shigowa wayar manomi ya je ya karɓi takinsa a rabin kuɗi. Tsarin bai rasa nakasu ba, musamman inda babu sabis, amma ya rage 'yan tsakiya. Kuma don Allah a tuna da mata, zawarawa da yawa su ke noma abin da marayunsu za su ci.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, injin ban-ruwa ya koma yana cinye ribar mai noman rani. A fadamar Rima, injin mai aiki da hasken rana, ko da bashi ne a biya kaɗan-kaɗan, zai fi wa manomi buhu biyu na taki amfani.

Sai 'yan'uwanmu na Isa da Sabon Birni da Rabah, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, wasu ma sai sun biya haraji kafin su girbe. Wanda ya gudo gari yana nan manomi. A ba shi aron fili kusa da inda ya samu mafaka, sunansa ya shiga rajista da iri da taki kamar kowa.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani manomi daga Wurno